Fiffiken Motar Tsere: Wanne Ya Kamata a Saya, Wanne Ya Kamata a Bari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin folo na Katsina ya san cewa dokin folo daban, dokin sukuwa daban: na farko ana son ya tsaya cak ya juya nan take, na biyu kuwa ana son ya miƙe ya yi ta zuba gudu. Haka lamarin yake ga motar tsere mai kujera ɗaya, kuma fiffikenta ne ke bayyana irin dokin da aka zaɓa. Wannan bayani na ɗaliban injiniya ne, irin na Kwalejin Hassan Usman Katsina ko Jami'ar Sufuri ta Daura, da duk mai tunanin haɗa ƙaramar mota irin ta gasar ɗaliban jami'a da ake kira Formula Student, ko shigo da tsohuwar motar Formula 4, wato ajin tseren matasan direbobi, kafin ya zuba kuɗinsa.

Fiffiken mota na jirgin sama ne aka kife shi. Na jirgi yana ɗagawa, na mota yana danna ta a kan kwalta, tayoyi su ƙara kama ƙasa, a iya shan kwana da gudu, a kuma taka birki a makare. Sai dai iskar da ke dannawa ita ce kuma ke turjewa, ba a samun ɗaya ba tare da ɗayar ba. Idan gudu ya ninka sau biyu, danni da turjiya duk suna ninkawa sau huɗu, ƙarfin injin da ake bukata don keta iskar kuwa ya ninka sau takwas. Ke nan fiffiken da ke danna kilo 20 a gudun kilomita 50 cikin awa zai danna kilo 80 a gudun 100, amma a gudun 25 kilo 5 kacal zai ba da, wanda mai yiwuwa bai kai nauyin fiffiken kansa ba. Wannan lissafi shi ne ma'aunin duk abin da mai sayarwa zai faɗa.

Zaɓi na farko, wanda ake yawan rainawa, shi ne a bar motar ba fiffike. Tun 1967 motocin Formula Ford, wani ajin tsere na masu farawa, suke tsere haka, kuma direbobi da dama da suka yi suna daga nan suka faro. Mota marar fiffike ba ta da nauyi, gyaranta babu wuya, tana kuma koya wa direba jin yadda taya ke kamawa da yadda take sakewa. A ganina, duk wanda wannan ce motarsa ta farko, gara ya sa kuɗinsa a taya mai kyau da shokozoba da birki, domin fiffike ba ya gyara motar da ƙafafunta ba su daidaita ba.

Idan an wuce wannan mataki, muhawarar tana tsakanin siririn fiffike da babba. A Formula 1 misalin a fili yake. Filin Monza na Italiya, mai tsawon kilomita 5.793, yawancinsa miƙaƙƙiyar hanya ce da ake wuce kilomita 330 cikin awa, shi ya sa ake kwantar da fiffiken baya har ya zama kamar faifai. A Monako kuwa, inda zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne cikin lungunan gari, ana tayar da shi iyakar abin da doka ta yarda, saboda babu miƙaƙƙen wuri mai tsawon da turjiya za ta yi ɓarna sosai. Abin da ke ruɗa masu saye shi ne zaton cewa ƙaramar mota ƙaramin fiffike ya dace da ita. A gasar ɗalibai akasin haka ake gani: filin cike yake da kwana, gudun ba shi da yawa, don haka sai an yi fiffike mai faɗi, mai hawa biyu ko uku, kafin a sami dannin kirki. Illarsa tana fitowa a gwajin tashi na mita 75 da kuma tseren juriya na kilomita 22, inda ake lissafa man da aka sha, ga injin da doka ta hana ya wuce cc 710, ta kuma shaƙe masa hanyar iska da maƙogwaro mai faɗin milimita 20. Mai irin wannan inji ya auna sosai kafin ya ɗora wa motarsa kayan da ba za ta iya ja ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Alƙaluman da kamfanoni ke rubutawa galibi an auna su ne da iskar bakin teku mai sanyin digiri 15, wadda nauyinta kilo 1.225 ne a kowace mita kubik, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne. Katsina tana bisa tudu da kusan mita 500, kuma a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40. A irin wannan rana nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 13 cikin 100, danni ya ragu da haka, inji ma ya rage ƙarfi, lagireto kuma ya bukaci ƙofar iska mafi faɗi, wadda ita ma turjiya ce. Birnin Meziko, mai tudun sama da mita 2,200, ya nuna ƙarshen wannan matsala: ana ɗaura wa motoci fiffike irin na Monako, amma dannin da suke samu bai wuce na Monza ba.

Kada a sayi fiffike ɗaya tal. Idan na baya ya rinjayi na gaba, za a murza sitiyari motar ta ƙi shan kwana, ta nufi waje. Idan na gaba ya rinjaya, bayan motar ne zai zame a kwana mai gudu, wanda ya fi haɗari ga sabon direba. Abin nema shi ne gaba da baya da aka ƙera tare, masu ramukan kusoshi da ake canja kusurwa da su, ko da sun fi na kafaffe tsada. Kusurwar ma tana da iyaka, domin idan aka tayar da ita fiye da kima iska takan rabu da bayan fiffiken, danni ya faɗi, turjiya ta zauna. Gyara mafi araha shi ne ɗan siririn leɓe da ake mannawa a gefen ƙarshe, wanda ake kira da sunan direban Amurka Dan Gurney da ya fara amfani da shi a 1971. Kowane mai walda zai iya lanƙwasa shi da alminiyam.

Zaɓin da ya fi jan hankali shi ne a sa cikin motar ya yi aikin, wato a ƙera ƙasanta yadda iska za ta matsu ta yi sauri, ta tsotso motar zuwa ƙasa. Kamfanin Lotus na Colin Chapman ya fito da wannan dabara a Formula 1 a 1977, direbansa Mario Andretti ya ci kambun duniya da ita a 1978, aka hana ta a 1983, ta dawo a 2022. Babu hanyar da ta kai ta ba da danni mai yawa da turjiya kaɗan. Amma tana son motar ta yi ƙasa sosai, tazararta da kwalta kuma ta zauna daram, abin da ke tilasta sifirin mai tauri. Ko manyan ƙungiyoyi sun sha wahala a 2022, lokacin da motocinsu suka dinga tsalle a miƙaƙƙiyar hanya. Wanda filin gwajinsa yake da faci da yashi da gargada, ban ga dalilin da zai sa ya biya wannan kuɗi ba.

Game da kayan ƙira, kabon fayiba ya fi komai rashin nauyi da tauri, amma shigo da shi ake yi da dala, kuma idan ya tsage gyaransa sai gwani. Fayiba ta gilashi ta fi nauyi, sai dai masu gyaran bamba sun san ta. Idan na hannu za a saya, a ƙwanƙwasa shi da kwabo daga gefe zuwa gefe: inda ƙara ta dushe, fatar ta rabu da cikinta. A duba bakin gaba, wanda ƙura da tsakuwa ke ci, musamman a ƙasar hazo irin tamu. Sama da komai a duba maɗaurai. A gasar Sifen ta 1969, dogayen fukafukan motocin direbobi Graham Hill da Jochen Rindt sun karye a wuri guda a filin Montjuïc, dukansu suka yi haɗari, aka kuma haramta irin wannan ɗauri jim kaɗan bayan haka. Maɗauri ya kamata ya kama sasi, ba bodi ba.

Kafin biyan kuɗi, a nemi mai sayarwa ya rubuta danni da turjiya duka biyun, da gudun da aka auna su, da kusurwar da fiffiken yake a lokacin. Bayan an ɗaura, a manna gajerun zaren ulu a ƙarƙashinsa, a ɗauki bidiyo da waya a rufaffen fili: inda zaren ya kwanta ya miƙe baya, iska tana bi, inda yake rawa ko ya juyo gaba, a rage kusurwa da rami ɗaya a sake gwadawa.