Sharhi Kan Ƙaramin Tanderun Lantarki na Narkar da Ƙarfe

Na yi wata shida ina aikin zubi da ƙaramin tanderun lantarki, irin mai tukunyar girafait (baƙin ma'adinin da ke cikin fensir) a ciki da allon nuna zafi a gaba, kuma abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda yake riƙe zafi daidai inda aka saita shi, abin da wutar gawayi ba ta iya yi sai da gwaninta mai yawa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kowane ƙarfe da matakin da yake narkewa: dalma a digiri 327 na ma'aunin Salsiyas, alminiyam a 660, azurfa a 962, zinariya kuwa sai 1064.

Sai dai allon yana iya ruɗar sabon shiga, domin zafin cikin tanderun yake aunawa, ba na ƙarfen kansa ba. Ranar farko na ga ya nuna 720, na ɗaga murfi, sai na tarar da guntayen alminiyam suna nan da siffarsu. Dalili shi ne, idan ƙarfe ya kai matakin narkewa zafinsa yakan tsaya cik, duk wutar da ke shigarsa tana tafiya wajen kwance ƙwayoyin zarra daga jerin da suke riƙe da juna, har sai ya narke duka. Alminiyam ma yana da wata siririyar fata da iska ke haifarwa a bayansa, wadda ba ta narkewa a wannan zafin; da na taɓa guntun da sandar girafait bayan ɗan lokaci, sai fatar ta yage, ruwan ƙarfe ya gangaro yana ƙyalli kamar madubi.

Inda tanderun ya gaza shi ne jan ƙarfe. Iyakar zafinsa 1100 ne, jan ƙarfe kuma yana narkewa a 1085, saboda haka kafin a ɗauko tukunyar da awartaki a kai ta bakin mazubi ya fara daskarewa. Baƙin ƙarfe, mai buƙatar 1538, ba a ma maganarsa. Tukunyar ita ma tana cinyewa sannu a hankali, don girafait yana ƙonewa idan ya yi ja a cikin iska, kuma tawa ta sirance a baki har na sauya ta.

Ina ba mai aikin azurfa ko alminiyam shawarar mallakarsa, da sharaɗin ya riƙa gasa mazubi da guntayen ƙarfen su bushe sarai, domin ɗigon ruwa ɗaya yana iya watsa narkakken ƙarfe a fuskar mutum.