Sharhi kan na'urar kare firiza daga raunin wuta

Duk mai sana'ar ruwan sanyi ko ƙanƙara ya san cewa ɗauke wuta ba shi ne ke kashe firiza ba. Abin da ke kashe ta shi ne wutar nan da ke zuwa rabi-rabi, kwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, kwamfuresa, wato injin da ke sa firiza sanyi, na ta gurnani ta kasa tashi. Injin da ya kasa juyawa yana jan wuta ninkin ba ninkin abin da ya saba, wayoyinsa su yi zafi, wata rana su ƙone. Wannan ne ya sa na sayi ƙaramar na'urar kariya a kasuwar Sabon Gari, irin wadda ake sokawa a soket sannan a jona firiza a jikinta. Ta ci zafin bazara guda a shagona, kuma tunda gyaran rediyo na fara koya kafin wannan sana'ar, sai da na kwance ta na ga cikinta.

Aikin duka yana hannun wani ɗan guntun baƙin abu mai ƙafa takwas, LM393. Kwamfareta ake ce masa, kuma guda biyu ne a cikin gida ɗaya. Yana aiki kamar sikelin mai nama: a hannu ɗaya an ɗora ma'aunin da ba ya canzawa, wato wutar da dayod ɗin zina ke riƙewa a tsaye, a ɗaya hannun kuma samfurin wutar gari ne bayan an rage ƙarfinta, an miƙar da ita da dayod, kafasita ta lafar da ita. Muddin samfurin ya fi ma'aunin, rile, wato makunnin da ke jona wa firiza wuta, na riƙe, firiza na aiki. Da zarar ya faɗi ƙasa, sai kwamfareta ta juya, tiransista ta saki rile, ka ji ƙas. Kwamfareta ta biyun tana gadin ɗaya ɓangaren, idan wuta ta yi sama da yawa.

Wutarmu a ƙa'ida bolt 230 ce. Da na bi ta da mita da yamma, na ga na'urar tana yankewa a wajen 180, kuma ba ta yarda ta dawo sai wuta ta haura kusan 190. Wannan tazarar ita ce abin da ya fi burge ni, kuma ita nake so kowa ya duba kafin ya saya. Razista guda ce tak ke yin ta, wadda ke dawo da ɗan wutar da ta fita daga kwamfareta zuwa mashigarta. In babu ita, wuta ta tsaya tana lilo a bakin iyaka, rile zai riƙa kamawa yana saki, kamawa yana saki, wanda hakan ya fi raunin wutar illa ga kwamfuresa. Na ga irin wannan a shagon wani maƙwabcina, tasa mai araha ce, tana ta ƙas-ƙas-ƙas har da daddare. Wallahi gara babu da irin wannan kariyar.

Bayan wuta ta daidaita, tawa tana jira kamar minti uku kafin ta sakar wa firiza wuta. Da farko yaran shago sun ɗauka ta lalace. Jiran yana da dalili: iskar gas ɗin da ke cikin bututu tana buƙatar ta lafa, in ba haka ba injin zai tashi ne da nauyi a kansa. Haka kuma ba ta firgita da ɗan nutsewar da wuta ke yi lokacin da kwamfuresa ke tashi, domin kafasitar nan tana shanye shi.

Akwai inda ta gaza. Ba ta da allon da ke nuna lamba, fitilu uku ne kawai, ja da rawaya da kore. An liƙe ɗan sukurun saiti da gam, ba ka da ikon matsar da iyakar. A kan janareta kuma takan yanke alhali mita na nuna wutar ba ta yi muni ba, saboda ƙololuwar igiyar wuta take aunawa, ita kuwa wutar ƙaramin janareta ba ta fita sumul. Rilen cikinta amfiya 10 aka rubuta, don haka kada a haɗa mata firiza biyu, balle dutsen guga. Ƙafafun filoginta ma suna ɗumi idan soket ya saki, dole na canza soket ɗin.

Sai babban abin da mai sayarwa bai faɗa min ba: ba ta ƙara wuta. Yankewa kawai ta iya. Idan tiransifomar unguwarku ta yi wa jama'a kaɗan, wuta na kwana a 160, firizarka za ta tsira amma kayan ciki za su narke. Mai irin wannan layin sai ya haɗa da sitabilaiza, ya sa na'urar tsakaninta da firiza. Ni layinmu da magariba yake faɗuwa ya dawo bayan isha'i, saboda haka ta wadatar da ni, har na sayi ta biyu na kai wa firijin gida.