Kayan nutso a gida: rataya ko akwati?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka. Ka sayi kayan nutso na hannu, saiti guda, kana shiga ruwa a madatsar Dadin Kowa jefi-jefi, kuma ciki da falo kake haya a Pantami. Kana son sanin wanne ya fi: ka kafa ƙarfe a sito ka rataye su, ko ka zuba su a babbar roba mai murfi, wato akwati, ka tura ƙarƙashin gado. Na gwada duka biyun a nan Gombe, kuma kowanne ya taɓa jawo mini asara, saboda haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Rataya tana da abu ɗaya da akwati ba zai taɓa ba ka ba, wato iska. Rigar nutso ba roba ce zalla ba, soso ce mai ƙananan kumfa a ciki, kuma kumfan nan su ne suke riƙe maka ɗumi a ƙarƙashin ruwa. Idan ka ninke ta ka ɗora mata nauyi wata biyu, kumfan da ke kan layin ninkin sai su mutu, wurin ya zama siriri, kuma ba ya dawowa. Ga kuma laima. Rigar tana iya bushewa a waje alhali cikinta da ɗanshi, musamman hammata da bakin ƙafa. Wata shekara cikin Agusta na dawo daga ruwa da yamma, na shanya tawa awa biyu, na taɓa na ji kamar ta bushe, na rufe a roba. Bayan sati uku da na ɗaga murfin, wari ne ya fara tarbata, fumfuna ta yi fari a kan ɗinki, zif ya ƙi motsi. Sai da na wanke ta sau uku, kuma har na rabu da ita warin bai fita duka ba. Tun daga nan ba na rufe komai sai ya kwana biyu yana shan iska a inuwa, kwana ɗaya a juye, kwana ɗaya a daidai.

To amma rataya a garinmu tana da nata abokan gaba, kuma sun fi na bakin teku yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta neman izini, ko ka rufe taga sai ka share ta a kan tebur. Ga riga wannan ba komai ba ne, ruwa zai tafi da ita. Ga regileta kuwa, abin da kake shaƙar numfashi ta cikinsa, ƙura cuta ce: tana shiga tsakanin bawul da mazauninsa, sai ka ji iska tana tsiyaya shuuu ko ba ka ja ba. Sannan ga kyankyaso. Mutane da yawa ba su san cewa kyankyaso yana gaigayar silikon ɗin da ke gefen gilashin fuska da wanda ake cizawa a baki ba. Na taɓa ɗaukar gilashina daga kan ƙusa na ga gefensa ya yi ƙananan yaguwa kamar an mintsine da farce. Gilashin da gefensa ya yagu ruwa zai riƙa shiga, kuma ba a yi masa faci. Ɓera kuma tiyon regileta yake so. A nan akwati ya yi wa rataya fintinkau, domin murfi mai kama baki yana tare ƙura da ƙwari da hannun yara a lokaci guda.

Saboda haka ni a wurina ba zaɓi ne tsakanin biyu ba, rabon gado ne, kowane kaya da inda ya dace da shi.

Riga da falmaran mai iska, wadda ake hurawa don daidaita nutsewa da tasowa, na rataya ne. Kada ka yi amfani da hangar waya ta masu wanki da guga, tana yanke kafaɗa. Nemi mai faɗi, ko ka yanki bututun ruwa na roba mai kauri ka ratsa igiya, ka ɗora rigar ta kugu kamar yadda ake shanya darduma. Falmaran ɗin kuma ka zuba mata ruwa mai tsabta a cikin jakar iskarta, ka jijjiga, ka juye ta ƙasa ka zubar. Ruwan kogin Gongola, wanda madatsar ta tare, ba shi da gishiri, amma da damina yana ɗauke da laka, kuma lakar tana kwanciya a ciki. Bayan nan ka hura mata iska kaɗan kafin ka rataye, don kada bangon jakar ya manne da juna. Ka yafa musu tsohon zanin gado saboda ƙura, ba leda ba.

Regileta, gilashin fuska, agogon nutso da bututun numfashi, na akwati ne. Kafin ka ɗauraye regileta ka tabbatar ka mayar da marfin bakin da ake haɗawa da tukunyar iska a bushe ka ɗaure, kuma kada ka danna maɓallin fitar da iska yana cikin ruwa ba a haɗe da tukunya ba, don ruwa zai bi tiyo ya shiga ciki. Ka naɗe tiyon da faɗi kamar gammo, ba matsewa ba lanƙwasa a gindi. Gilashi ya zauna a kwalinsa shi kaɗai, domin farin silikon idan ya daɗe yana jingine da baƙar roba sai ya rine. 'Yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka tara su ka jefa ciki. Kafur kuwa da fiya-fiya kada su kusanci akwatin nan, abin da za ka sa a baki ka shaƙa a zurfin ruwa ne. Haka ma basilin: mai ne da aka samo daga fetur, yana lalata zoben robar da ke hana iska tsiyaya a mahaɗa, man silikon ake shafawa. Takalman iyo ka shimfiɗe su a kwance, in ka tsayar da su a kan bakinsu za su karkace.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, ba ƙarfen ba ne ba kuma robar ba, siton ne. Yawancin sitonmu kwano ne ba sili, kuma nan ake ajiye janareto da jarkar fetur. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari yake kai digiri 40, ka shiga irin wannan ɗaki da azahar ka ji yadda yake gasa mutum. Zafi yana busar da roba ta yi tauri ta tsattsage, tururin fetur da hayaƙin janareto suna cin ta a hankali. Kayan da ka rataye a nan da wanda ka rufe a akwati a nan, duk hanyarsu ɗaya. Gara ka ba su kusurwa a uwar ɗaka, nesa da taga, ko da hakan na nufin ka rage wasu tarkace. In da sif a ɗakin, rabinsa ya ishe ka.

Tukunyar iska ba ta shiga wannan muhawara, ita dokarta daban. Ta alminiyom mai lita 11 da aka fi samu tana kai kilo 14 ko babu komai a ciki, kuma ana cika ta zuwa bar 200, bar shi ne ma'aunin matsin iska. Wadda aka cika a digiri 25, idan ta zauna a wuri mai digiri 50, matsin cikinta yana ƙaruwa da kusan bar 17, don haka but ɗin mota da rana ba wurinta ba ne. Idan za ta daɗe a ajiye kada ka bar ta cike maƙil, kuma kada ka sauke ta tas. Ka bar mata bar 30 ko kusa da haka, domin wannan ɗan matsi shi ke hana laima shiga ta ci ta daga ciki. Ka tsayar da ita a kusurwa, ka sa katako a ƙarƙashinta, ka ɗaure ta da bel a jikin bango. Tukunya in ta faɗi bawul ya karye, ba abin da ke tsayar da ita. Tunda ta hannu ka saya, duba kafaɗarta, akwai wata da shekarar gwajin ƙarshe a buge. A Amurka ƙa'ida ita ce gwajin matsi da ruwa duk shekara 5, masu sana'ar kuma suna leƙa cikinta duk shekara. In kwanan ya wuce, kada ka cika ta sai an gwada.

Sai dalmar ɗamara, wato dunƙulen dalma da ake ɗaurawa a kugu don nauyi ya taimaka wajen nutsewa, wadda na ga mutane suna jefarwa a tsakar gida kamar duwatsun murhu. Don Allah ka kula da wannan. Duk ɗan Arewa ya san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara ɗaruruwa suka rasu. Yaro mai rarrafe komai baki yake kaiwa, kuma dalma tana barin toka-toka a hannu. Ka sa su a ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ƙasa ba a kan kanta ba don kada su faɗo wa wani a ƙafa, ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa su kafin ka ci abinci.

Game da robar da ka ce za ka saya, ka zaɓi wadda murfinta yake kama baki gam. Wasu suna huda ta don iska ta shiga, ni ban yarda da wannan ba, domin ƙofar da iska ta bi ita kyankyaso zai bi. Maimakon haka, da damina ka riƙa buɗe ta duk Juma'a bayan masallaci, ka fito da kayan su sha iska awa ɗaya a inuwa, ka lanƙwasa tiyo a hankali kusa da gindinsa ka duba ko ya fara tsagewa, sannan ka mayar. Ka turo mana hoton kafaɗar tukunyar tukuna mu karanta maka lambobin da ke jiki.