Gargaɗi: Saƙonnin imel na bogi da sunan Absher da gidan waya

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina. Wata damfara ta addabi akwatunan imel ɗinmu, kuma mu masu iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ana kama mu da ita, don an san abin da ke tsinka mana zuciya.

Saƙon yakan zo da tambarin Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, da Larabci irin na hukuma: wai iƙamarka ta samu matsala, ko akwai tara a kanka, ka sabunta bayananka cikin awa 24 ko a rufe maka asusu. Wani kuma da sunan gidan waya na SPL yake zuwa, wai kayanka sun maƙale, ka biya 'yan riyaloli a kawo maka. Da gangan suke sa kuɗin kaɗan, don kada ka tsaya tunani. Abin da suke hari shi ne lambar katinka na banki (mada) da lambar sirrin da banki zai turo maka ta waya. Kana rubuta su a shafinsu, sun yashe asusun.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Nafath, manhajar gwamnati da ake tabbatar da cewa kai ne kafin a shiga shafukan hukuma. Ɗan damfara zai ɗauki lambar iƙamarka ya fara shiga wani shafi da sunanka, sai buƙata ta faɗo wayarka. Nan take zai kira ka, murya a natse, ya ce daga jawazat (hukumar fasfo da iƙama) ne ko daga banki, ka zaɓi lamba kaza. Kana zaɓa, ka buɗe masa ƙofa da hannunka. Daga nan yana iya buɗe asusu ko yankar layin waya da sunanka, a riƙa wucewa da kuɗin sata ta ciki, ranar bincike kuma kai za a nema. Duk buƙatar Nafath da ba kai ka fara ta ba, ka ƙi ta, ko wa ya kira.

Sunan mai aikowa kada ya ruɗe ka, kowa na iya rubuta Absher a wurin. Kar ka danna komai a cikin saƙon. Buɗe manhajar Absher da kanka, in akwai tara za ka gan ta a can. Shi ma wurin da suke cewa a danna don a daina turo saƙo, a irin wannan imel tarko ne, tabbatar musu kake yi cewa adireshin na aiki. Ka jefa shi akwatin tarkace kawai. Kuma a rage rubuta imel da hoton iƙama a guruf-guruf na WhatsApp na neman aiki, can ake tsintarsu.

In saƙon tes (SMS) ne ya zo ta waya, a tura shi zuwa lambar 330330. Wanda aka riga aka cuta ya fara kiran bankinsa a rufe katin, sannan ya kai ƙara ta manhajar jami'an tsaro ta Kollona Amn. Dokar Saudiyya ta yaƙi da damfarar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 7 da tarar da ta kai riyal miliyan 5 ga mai damfarar kuɗi, amma sai an kai ƙara, kuma mutanenmu kunya ke sa su yin shiru.

Masu iyaye tsofaffi a gida, don Allah ku duba musu wayoyinsu, musamman in aikin Hajji ya ƙarato, lokacin da tallan izinin Hajji mai araha ke yawa. Mazaunin Saudiyya ta manhajar hukuma ta Nusuk yake yin rajistar Hajji.