Mystery to Iu Nakare: kiɗa ya yi wa Totono yawa

Duk wanda ya karanta Mystery to Iu Nakare, manga (littafin labari cikin zane na Japan) ta Yumi Tamura, ya san ba a saba ganin mai bincike irin Totono Kuno ba. Ɗalibin jami'a ne mai tulin gashi a cukurkuɗe, burinsa kawai a bar shi ya dafa miyar kari, ga shegen surutu. Ba ya bin sawun kowa, ba ya dambe. Zama yake yi ya yi ta magana har mai laifi ya rasa wurin ɓuya. Shi ya sa da tashar Fuji TV ta Japan ta fara nuna wasan kwaikwayon da aka ɗauko daga mangar a Janairun 2022, mai kashi 12, abin da na zuba wa ido shi ne ko za su bar yaron ya yi maganarsa.

Sun bar shi, kuma Masaki Suda, wanda ya fito a matsayin Totono, ya yi ƙoƙari matuƙa. A kashi na farko, ana tsare da Totono a ofishin 'yan sanda bisa zargin kashe ɗan ajinsu, sai ɗan sanda Ikemoto ya kama alfahari wai yana taya matarsa fitar da shara. Totono ya tambaye shi: daga ina ake fara fitar da shara? Wa ke bi ɗaki-ɗaki yana tattarawa, wa ke warewa, wa ke sa sabuwar leda? Suda ya faɗi wannan ba ɗaga murya, ba murmushi, idonsa kawai ya tsaya cak. Haka nake jin muryar Totono a kaina tun ina karatu.

Matsalata kiɗa. A manga, idan Totono ya saki magana mai nauyi, Tamura kan bar fuskar mai saurare ita kaɗai a shafi, mai karatu ya yanke wa kansa hukunci ko gaskiya yaron ya faɗa ko katsalandan ne. A talabijin kuwa bai rufe baki ba kiɗan tausayi ya taso, ana nuna maka inda za ka yi hawaye. Sai tunanin da ya kamata a yi gardama a kansa ya koma wa'azi. Kuma fa Totono na littafi yakan ba mutane haushi, nan ne ma daɗinsa yake.

Sai batun Furomitsu, 'yar sandan da Sairi Ito ta fito a matsayinta. Ba laifin 'yar wasan ba ne. Marubutan shirin ne suka cusa ta a labaran da ba ta ciki, har da na wani gida da ke kan dutse, inda ta maye gurbin wani ɗalibi, suka kuma ɗora mata alamun son Totono. Matar da ke fafutukar a ɗauke ta da daraja a cikin maza, me ya kai ta kishi? Hakan ya rage wa labarin Raika armashi, wata yarinya a asibiti da ke magana da lambobin shafi da layi na littafin Marcus Aurelius, sarkin Rum na dā, alhali Mugi Kadowaki, wadda ta fito a matsayin Raika, ta yi wasan yadda ya kamata.

Sun kuma jirkita jerin labaran. Na cikin jirgin ƙasa, wanda ke farko-farkon manga, sai a kashin ƙarshe ya zo, rikicin gādo na Hiroshima kuma aka tsallake shi ɗungurungum sai a fim ɗin 2023.

Shirin ya cancanci kallo saboda Suda. Amma in ba ka karanta mangar ba, fara da ita, don shirin zai tona maka masu laifin tun da wuri.