Yawon da ɗan jagora ya kai mu a Tibilisi: ya biya kuɗinsa, sai dai akwai 'yan ƙorafi

Na je Jojiya duba ƙanwata da ke karatun likita, ita ta haɗa mu da wani ɗan jagora mai ƙaramar mota, yawon rabin yini a Tibilisi, babban birnin ƙasar. Ya makara kusan awa guda kuma ko haƙuri bai ba mu ba, wannan ya ɓata min rai gaskiya, amma da ya fara bayani sai na huce.

Cocin Sioni muka fara, nan ake ajiye gicciyen Nino, matar da ta kawo musu Kiristanci a ƙarni na 4. A labarinsu da rassan inabi ta haɗa shi ta ɗaure da gashin kanta, shi ya sa hannayensa suka ɗan sunkuyo ƙasa kamar reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi. Ni da farko na zata kuskuren maƙeri ne wallahi. Ya ce a Linjila ma Yesu ya kwatanta kansa da itacen inabi, mabiyansa kuma rassa, to abin ya zo daidai da mutanen da dama inabi ne nomansu tun kaka da kakanni.

Inda ya fi burge ni shi ne Tarihin Jojiya, wani katafaren ginin tunawa na mai sassaƙa Zurab Tsereteli, can bisa tudu kusa da tafkin da suke kira Tekun Tibilisi. An fara shi 1985 kuma har yau ba a ƙarasa ba. Ginshiƙai 16 ne baƙaƙe, kowanne ya kai mita 30, daga ƙasa rayuwar Yesu aka zana daga sama kuma sarakunansu, ga kwaikwayon gicciyen inabin nan a gefe da ɗan ƙaramin coci. In ka tsaya a gindinsu ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi, tawa ma iska ce ta kwashe ta na bi ta da gudu ƙanwata na ta dariya. Matakala da yawa fa, mai ciwon gwiwa ya shirya.

Uwar Jojiya kuwa, mutum-mutumin alminiyom mai mita 20 da aka fara kafawa 1958, kwanon ruwan inabi a hagu don baƙo takobi a dama don maƙiyi, minti goma kawai ya ba mu wai lokaci ya ƙure, alhali shi ya ci lokacin.

Sai kuma ya nace mu shiga ɗanɗana giya duk da mun faɗa masa tun a waya ba ma sha. Daga baya dai ya sayo mana churchkhela, goron turawa ne da ake tsomawa a ruwan inabi mai kauri ya bushe kamar kyandir, ya kuma sauke mu a masallacin Juma'a na tsohon gari muka yi la'asar. Tauraro huɗu na ba shi, ɗayan makara ta cinye.