Wata biyu da Golly, da ɗan oscar ɗinsa

Takardar jadawali da fensir na fi shekara ina amfani da su wajen bin wasan rayuwa na John Conway (Game of Life), wasan lissafi da ke gudana mataki-mataki a kan allo mai gida-gida, wanda Martin Gardner ya fito da shi duniya a 1970. Dokar ba ta da yawa: gidan da babu kowa, idan maƙwabtansa uku na raye, sai ƙwaya ta tsiro a ciki, ƙwayar da ke raye kuma ba ta tsira sai da maƙwabta biyu ko uku. Abin da ya fi ja na shi ne siffofin da ke juyawa su dawo yadda suka fara. Ƙirga zagayensu da hannu ne ya gajiyar da ni, har na sauke Golly, manhajar kyauta ta Andrew Trevorrow da Tomas Rokicki mai gudanar da wannan wasa.

Gwajin farko, na jera ƙwayoyi 10 a layi ɗaya. A takarda na taɓa bin wannan layin na sami zagaye mai mataki 14, na kuma yi ta kafewa a kai. Na buɗe oscar.lua, wani ɗan shiri mai ƙirga zagaye da ke zuwa cikin manhajar, kafin in ɗauke hannu daga linzami ya rubuto 15. Ashe siffar da ake kira pentadecathlon ce, sunanta ma ya faɗi lissafin, don "pentadeca" na nufin 15. Mataki ɗaya na tsallake tun tuni ban sani ba. Wata siffa, pulsar mai ƙwayoyi 48, ya ba ta 3, ƙaramar siffar da ake kira glider kuwa ya gane tafiya take yi, gida ɗaya a karkace duk mataki 4.

Inda na sha mamaki shi ne bindigar Gosper, siffar da ke harbo glider ɗaya bayan ɗaya. Masu wasan sun san zagayenta 30 ne, to amma oscar ya yi ta gudu bai tsaya ba, har na fara zargin kwamfutata. Laifina ne. Shi dukan allon yake dubawa, ita kuwa bindigar duk mataki 30 sai ta harbo sabuwar glider, don haka allon ba ya taɓa komawa yadda yake. Sai da na danna Escape.

Lamba kawai oscar ke bayarwa, ba ya nuna maka waɗanne ƙwayoyi ne ke motsi, waɗanne ne ke tsaye suna tallafe da su. Wannan sai na kwafi siffar na kai wata manhaja, LifeViewer ta Chris Rowett, inda maɓallin Identify ke fito da taswirar kowane gida da nasa zagayen. Ni dai na fi son wannan taswirar, ko da yake zirga-zirga tsakanin manhaja biyu akwai cin rai.

Golly na kwamfuta nake ba da shawara, don na waya ba ya ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye. Da zarar an sauke, ba ya cin data. Yanzu ina kan siffa mai zagaye 41, wadda sai a 2023 aka gano ta.